Inna Zakiyya Mai Zayyana da Bangon da Aka Fasa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Da hantsin Talata, 11 ga Fabrairun 2025, cikin watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran Malama Zakiyya Bashar ta Ƙofar Taramniya, wadda unguwa ta sani da Inna Mai Zayyana, bayan doguwar jinya. Ni Murja, ɗiyar ƙanenta, a hannunta na tashi, ita ta koya mini riƙon alƙalami.

Inna, babu gidan da aka yi saukar Alƙur'ani a unguwarmu da allonki bai shiga ba. Wurin mahaifinki kika gaji zayyana, a lokacin da ake ganin aikin maza ne. Ina tuna ki zaune kan tabarma, kwalaben tawada ja da ɗorawa da tsanwa jere a gabanki, kina jan layi guda ya shiga ya fita, ya ƙulla kansa, har mai kallo ya rasa mafarinsa. Kin ce mana tun da ba mu zana mai rai, to mu sa layi ya yi tasbihi. Matan da kika koya wa sun kai zanen nan kan huluna da gafaka da lallen amare, da shi wasu ke riƙe da marayunsu.

Shekarun baya, da aka sake gina masallacin da ke jingine da gidanmu, ke kika tsara adon bangon alƙibla. Kina zanawa a tsakar gida, Auwalu magini yana fitar da shi a jikin ɗanyen siminti. In ya karkace sai ki aika masa ya kankare. Sau ɗaya kika shiga kika gan shi, kafin a buɗe masallacin, kika fito kina share hawaye da gefen mayafi. Ba a rubuta sunanki ko'ina ba, ba ki kuma nema ba.

Bara aka kafa kwamitin gyaran masallacin, aka ba Junaidu shugabanci. Junaidun da ya yi wayo a zaurenmu, wanda ke kika zayyane allon saukarsa. Da kika ji ana zancen manna tayil a bangon alƙibla, kika sa aka kira shi. Ya durƙusa gaban gadonki, ina tsaye, ya ce, "Inna, rufi kaɗai za mu canza. Wallahi ba mai taɓa bangonki."

Ba a yi sabon wata ba muka ji guduma. Bango guda ya raba ɗakinki da masallacin, duk bugu sai ƙasa ta zubo miki a shimfiɗa. Kika ce, "Murja, mi aka fasawa?" Na leƙa na dawo na faɗa miki gaskiya, bangonki ne. Sai kika ce, "Ɗakin Allah na, ba nau ba. Amma da sun jira ni in tahi."

Ɓaraguzan a bakin hanya aka zube su, aka cike wani rami. Babura na bi ta kan taurarin da kika ƙulla. Junaidu bai ƙara tako gidanmu ba sai ranar da aka fito da makararki, ya kama gaba yana kuka. Ke kin yafe masa, da kunnena na ji. Ni kuwa har yanzu ina roƙon Allah ya ba ni irin zuciyarki, domin ba ta samu ba tukuna. Ba tayil ɗin ke ci mini rai ba, rantsuwar da aka yi wa tsohuwa a gadon jinya ce.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Zakiyya, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ka sanya ciwon da ta sha ya zama kaffara, ka karɓi kowane layi da ta ja don girmama littafinka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Malam Gazali da Hasana, da jikokinta, da ɗalibanta mata na Ƙofar Taramniya da Ƙofar Kware. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.