Kujerar da Gwaggo ta ba man shanu

Idan yaran yanzu suka ce sun sayi kujera, dariya suke ba ni. Katako kamar ɓawon gyaɗa, ka zauna da ƙarfi ya kama yi maka kuka. Ni da na ɗan taɓa boko, har na kai haɗa baƙi kafin malamin ya gaji da ni, ina da ikon yanke hukunci a kan wannan al'amari.

Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, taubashina, ɗan gwaggona, ya sami aikin masinja a ofishin Turawa da ke bayan Ƙofar Nassarawa. Tun daga ranar tabarma ta zama abin wulaƙanci a wurinsa. Mutumin da kakansa ya tsufa a bayan saniya, wai shi gwiwarsa ta daina lanƙwasuwa. Da matarsa ta haihu, sai ya rantse a kan kujera zai karɓi barka ranar suna, cikin farar rigar da mahaifinsa ya bar masa. Rigar nan ita kaɗai ya gada, ba shi da wata ta shiga mutane.

Ya samo kujerar a wurin kukun wani Bature da zai koma gida. Mai jingina ce, da sanduna a baya kamar haƙarƙari. A ka ya ɗauko ta har gida, unguwar Zaitawa.

Gwaggo ta kewaye ta, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Wannan ƙishirwa take ji."

A gidanmu kuwa sandar kiwo da akushi da muciya, duk abin da ake so ya daɗe, man shanu ake ba shi. Yana fita aiki ta shafe kujerar sarai, ta sa a rana ta shanye, ta ƙara mata.

Da ya dawo ya ga tana ƙyalli, ya ce ai haka kayan Turawa suke. Ya zura rigar don gwaji, ya aika a kira ni, ya hakimce, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kai ɗan tabarma, yaya ka gan ni?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura hular kwano. Ɗan tashi ka juya mu ga bayan."

Ya juya. Ga maiƙon sandunan nan jere a gadon bayansa, ga kuma shacin mazaunai kamar faifai.

"Inna! Me kika yi wa kujerata?"

"Gata na yi mata. Jikanka ma sai ya zauna a kanta."

Aka shiga wanki. Sabulun salo, toka, kanwa, lemon tsami. Wata tsohuwa a unguwar Dukawuya ta ce a barbaɗa alli a bar shi ya tsotse man, a kaɗe, a sake. Allin ya fara jan man kuwa, amma masinja bai san haƙuri ba. Ya kwashi rigar ya kai marina, wai a rina ta a rufe abin kunya. Ko akuyar Kano ta san shuni ba ya shiga inda mai ya riga shi. Riga ta fito baƙa wuluk tana sheƙi, kujera kuma ta fito fes a bayanta, har ka iya nuna wa kafinta ya yi maka irinta.

Ranar suna ya manne bayansa da bangon zaure tun hantsi, daga nan yake miƙa hannu. Kujerar kuwa wanzami ne ya ɗora zabirarsa a kai. Da aka aiko kiransa daga cikin gida, sai ya tafi da baya da baya, yana ta rusunawa.

Dattawa suka dubi juna suka ce, "Kai, aikin Turawa ya koya wa yaron nan ladabi."

Ni dai sai da aka raba nama na karɓi nawa, sannan na buɗe baki.