Wakili Direban Albasa da Ruwan Gurara

Shekara talatin da huɗu Wakili ya yi yana jan babbar mota, kuma kusan duk shekarun nan albasa yake ɗauka. A gonakin Bakolori ake loda masa ita, wani lokaci a Bakura, wani lokaci a kasuwar Talatar Mafara, sai ya nausa kudu. Ya kai Legas, ya kai Anacha da Aba da Fatakwal, har Kalaba ya taɓa kaiwa sau biyu.

Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san albasa ba ta jira. Da mota ta wuce Lakwaja iska za ta yi nauyi, buhunan tsakiya su fara gumi, in aka yi sanyin jiki sai a sauke rabin kaya ruɓaɓɓu. Saboda haka abu uku kawai ke tsayar da Wakili: salla, shan mai, da shingen hanya. In ya juyo kuma da manja ko katako, mai mota na jiransa a gida. Ƙasar nan tun daga wannan gefe har wancan ya ratsa ta, amma ta gilashin gaba ya gan ta.

Matarsa Taibatu 'yar Dosara ce, kuma ba ta taɓa wuce Gusau ba. Tun tana amarya, in ya dawo ta ajiye masa ruwan wanka da tuwo, sai ta zauna gefen tabarma ta tambaye shi abin da ya gano. Da farko gaskiya yake faɗa mata, cewa kwalta ya gano da hayaƙi da bayan motar da ke gabansa. Sai ta yi shiru ta kwashe kwanuka. Shirun nan ya fi ciwon baya damunsa.

Wata rana a tashar Suleja wani direba mai suna Simon ya ba shi labarin wani ruwa da ake kira Gurara, wai kogi ne guda yake faɗowa daga kan duwatsu, ƙararsa ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Da Wakili ya dawo gida ya maimaita wa Taibatu, ranar har tuwonta ya huce ba ta ci ba. Daga nan ya koma mai tsintar labari. A teburin mai shayi ya tsinci ruwan ɗumi na Yankari da giwayen da ke cikin dajin. A wajen faci ya tsinci tsaunukan Obudu inda gajimare ke sauka ƙasa da mutum, da sanyin Mambila da gonakin shayinta. Farkon abin yakan ce an ce. Daga baya an ce ɗin ya faɗi a hanya, ya koma na gani, na tsaya, na sa ƙafata a ciki. 'Ya'yansa shida da waɗannan labarai aka yaye su.

Shekara uku da suka wuce baya ya ƙi, ido ma ya fara hazo, ya miƙa makulli. Ya koma zaman benci a ƙofar gida, in ya ji jiniyar babbar mota daga titi ya ɗaga kai, ya mayar.

Bara da kaka aka yi wa babban ɗansa Yasir haihuwa a Suleja, inda yake aikin walda. Wakili da Taibatu suka je suna. Kwana biyu bayan taro Yasir ya aro motar maƙwabcinsa, ya shigo da murna ya ce gobe zai kai Inna ta ga Gurara da idonta, tunda ba nisa. Matarsa Farida ta ce ya duba hanya a waya tukuna. Ya yi dariya ya ce ina shi ina waya, ga wanda ya sha ruwan wurin zaune.

Wakili ya so ya ce bayansa ya motsa, amma ya ga Taibatu ta fito da atamfar da ta ajiye don komawa gida tana kakkaɓewa. Allon da ke nuna wurin ya taɓa wuce shi a kan hanyar Minna, sau nawa ma, kullum da kaya a bayansa. Abin da ke bayan allon ne bai sani ba.

Da safe aka sa shi a kujerar gaba. Har mahaɗar Dikko yana ba da umarni da ƙarfinsa, nan kam ya san kowane rami. Da suka ɗauki hanyar Minna muryarsa ta fara raguwa. An yi sababbin gine-gine, alluna sun yi yawa, idonsa kuma ba ya karanta su sai mota ta wuce. Ya nuna wata kwana, suka shiga, hanya ta ƙare a gonar doya. Ya ce an canja wurin. Ya nuna ta biyu, suka tarar da masu yin bulo. Yasir ya fara kallonsa ta gefen ido, yana tambaya cikin ladabi ko Baba ya tuna wata alama, bishiya ko masallaci.

Wakili ya ce ya tsaya. Motar ta tsaya a gefen titi, manyan motoci na wucewa suna girgiza ta. Bai juya baya ba da ya yi magana.

"Taibatu, ni ban taɓa zuwa wurin ga ba. Ko Yankari, ko Obudu, duk ji na yi. Albasa ba ta bari na tsaya ko'ina ba."

Yasir ya sunkuyar da kai kan sitiyari. Daga kujerar baya Taibatu ta gyara mayafinta.

"Malam, ai na daɗe da sani. Wurin da ka taka da ƙafarka zaginsa kake dawowa da shi. Anacha ƙazanta, Legas hayaniya, Aba sauro. Amma wanga ruwa shekara talatin ban ji ka kushe shi ba ko sau ɗaya. Yasiru, sauka ka tambayi mai ƙosan can."

Mai ƙosai ta ce sun baro kwanar a baya, ba nisa. Suka juya. Tun kafin su ga ruwan suka fara jin ƙararsa.

Ruwan ya cika, ja-ja-ja saboda damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, yana zubowa ta kan duwatsu masu faɗi, feshinsa na tashi kamar hayaƙi. Akwai gangara zuwa ƙasa, Yasir ya sauka. Su biyun gwiwa ba ta bari ba, suka sami wani dutse daga sama suka zauna. Taibatu ta yi ta kallo tana tasbihi a hankali. Wakili ya ƙanƙance ido, abin da hazo ya bar masa ya gani, sauran ya ji da kunne. Can ya matsa kusa da ita ya ɗaga murya, ya ce dutsen nan ya cika tauri, ga rana, ga wurin ba inuwar kirki, kuma ƙarar ta sa masa ciwon kai. Ta ce to su tashi. Ya ce a'a, ta bari tukuna.

Sun kai la'asar a wurin. Tun da suka dawo Mafara, in abokan zaman benci suka tambaye shi Obudu ko Mambila sai ya ce su nemi wanda ya je. Gurara kuwa yakan ce wuri ne mai wahalar hanya, duk mai zuwa ya tafi da tabarma da laima, kuma kada ya yarda dattijo ya nuna masa kwana.