Takalmin ruwan da na saya wa Baba

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a Yelwa, mahaifina ya taka kututture a gonarsa ta bakin tafki, can wajen Wara. Raunin bai taka kara ya karya ba, amma yana da ciwon suga, sai ƙafa ta ƙi warkewa. Aka yi watanni ana zirga-zirgar asibiti, har an fara maganar yankewa ƙasa-ƙasa. Allah ya sa ta warke. Ranar da aka sallame shi likita ya ja ni gefe, ya ce in muna son ƙafar nan, kada ta sake shiga ruwa ko laka, kada kuma ya sake taka ƙasa ba takalmi.

Shi kuwa Baba tun tasowata ban taɓa ganinsa a gona da takalmi ba. Da damina shinkafa, in ruwan tafki ya ja baya ya dasa albasa, in ya sami sarari ya rataya tsohuwar bindigarsa ya bi gyazbi da agwagwar ruwa. Sai ga shi an zaunar da shi a rumfar ƙofar gida. Kullum fuskarsa tana kallon wajen tafki, ko da yake daga nan ba a hango ruwan. Inna ta kira ni ta ce yadda take kai tuwo haka take ɗauko shi, kuma ita a ganinta yanzu ba ciwo ke cinsa ba, zama ne.

Wani abokina mafarauci ne ya ce in nema masa dogon takalmin roba, irin mai kaiwa gwiwa. Na san in na tambayi Baba zai ce ba ya so, don haka na je gida na lallaɓa da tef ɗin awona da rana yana barci. Ni da na saba auna kafaɗar manyan mutane, ga ni durƙushe ina auna diddige kamar ɓarawo. Ya buɗe ido ɗaya, ya tambaye ni ko wando zan ɗinka wa ƙafar, ya koma barcinsa.

Ranar kasuwa muka shiga ni da abokina. Idona ya fara sauka a kan wani kore mai ƙyalli, har na ce a naɗe. Abokina ya lanƙwasa wuyan takalmin, sai ga farin layi ya fito a wurin, ya ce wannan kafin damina ta raba zai tsage. Muka yi ta ɗagawa muna ajiyewa. Shi yana neman wanda aka zuba shi gaba ɗaya, ba a manna ƙasan da gam ba, mai kaurin tafi yadda kututture ba zai huda ba. Ni kuma ina zura hannu ciki har yatsu, ina laluben duk wani tudu da zai goge fatar tsoho. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wani baƙi marar ado, mai laushi, ba nauyi, da sararin safa mai kauri.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na roƙi mai kaya, na bar masa abokina jingina, na sa takalmin na gangara inda kwale-kwale ke tsayawa. Na tattare rigata na shiga ruwa har ƙwauri, na tsaya ƙiƙam. Mata masu sayar da kifi suka yi ta dariya, ɗaya ta ce ko kifi nake jira ya zo ya gaishe ni. Da na fito na taɓa safata, a bushe take.

Da na kai masa gida, Baba ya karɓa, ya sa mini albarka, ya tura shi ƙarƙashin gado. Na koma Yelwa.

Sai da na sake zuwa gida, bayan sallar asuba, na gan shi zaune bakin gado yana jan safa. Ya zura takalmin, ya nufi tafki. Na bi bayansa.

Ban taɓa ganin tafkin kamar safiyar nan ba. Ruwa ya ja baya ya bar baƙar ƙasa mai sheƙi, wani farin tururi yana kwance a bisa ruwan, ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Can nesa wani kwale-kwale kamar an rataye shi a iska. Belbelu suna tsaye cik. Ba abin da kake ji sai takalmin Baba yana shiga laka yana fita.

Ya shiga har ruwa ya rufe idon sawunsa, sai ya tsaya.

“Ban jin ta,” ya ce.

Na ce me, Baba?

“Ƙasar. Da ƙafa nika sanin inda za ni sa albasa. Yanzu kamar bisa gadon wani nike.”

Na ɗauka zai juya gida. Sai na ga ya naɗe hannun riga, ya sunkuya a hankali, ya cusa hannu cikin laka. Ya ɗebo, ya murza, ya sansana. Ya matsa gaba ya sake ɗebowa. Yana yi yana ba ni labarin tsibirin da aka haife shi, wanda ruwa ya shanye yana yaro, ya nuna mini wani wuri cikin tururin ya ce gidansu yana nan ƙasa, da tsamiyarsu. Ya ce da aka kwaso su nan komai baƙo ne, yawo ya yi ta yi ba takalmi har ƙasar ta saba da shi.

“Na koye ta da ƙafa,” ya ce. “Bari in gwada da hannu.”

Da rana ta ɗaga ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, na zare masa takalmin, na duba tsakanin yatsu. Babu ko danshi. Ya ce to in daina kallon ƙafarsa haka nan, in je gida in ɗauko fartanya.

Ya ƙara shekaru yana noma. Farauta dai bai koma ba, ya ce takalmin yana da surutu, gyazbi zai ji shi tun daga Shanga. Bai kuma taɓa yabonsa ba, kurkuku yake ce masa. Amma ba ya fita sai da shi.

Ni a lokacin na zaci tsohuwar rayuwarsa na sayo masa a kasuwa. Ashe hanya kawai na buɗe masa zuwa bakin ruwa, sauran shi ya yi abinsa. Ya rasu yanzu, kuma da ƙafafunsa biyu muka kai shi makwancinsa. Har yau in na yi mafarkinsa ba a gadon asibiti nake ganinsa ba. A sunkuye nake ganinsa cikin farin tururin nan, hannu cikin laka, bai ma san ina bayansa ba. Allah ya jiƙan iyayenmu.