Inda Kabewa Ta Ƙi Bi

Shekarar da na bar aikin koyarwa a Gusau, na koma Tsafe na karɓi filin da ke bayan gidanmu. Gangare ne a jikin dutse, tsakuwa ta fi ƙasa yawa, kuma duk ruwan da aka yi sai ya kwashe 'yar ƙasar ya yi gaba da ita.

Wani abokina manomi a Karakkai ya ba ni shawara: in jera duwatsu layi-layi a gicciye, in dasa ciyawar jema a bayansu don saiwarta ta riƙe ƙasa, in shuka kabewa ta lulluɓe sauran. Duwatsun ba su ba ni wahala ba. Na same su tsibi-tsibi a tsakiyar filin, kamar wani ya tara mini. Cikin mako biyu na kwashe su.

Damina ta yi kyau. Jema ta kama, kabewa ta yaɗu. Wata rana da hantsi na hau saman dutsen don in more wa idona. Ko'ina kore shar, ban da wurare bakwai. Kowanne tsawon mutum a kwance, a jere, duk sun fuskanci waje ɗaya. Yaɗon kabewa yakan zo daidai gefensu ya lanƙwashe.

Na sauko na kira gwaggona, wadda ta fi kowa tsufa a gidan. Ta dogara sanda ta zo, ta daɗe tana kallo.

"Ina duwatsun da ke wanga wuri?"

Na nuna mata layukan.

"Kaburburan mutanen da suka zauna bisa dutse ne, tun ba a sauko ba," in ji ta. "Ko kakata ba ta san sunansu ba. Ka mai da musu abinsu."

"Gwaggo, yaya zan gane na wane da wane?"

Ta juya ta kama hanyar gida.

Kwana huɗu ina rushe aikina. Na raba duwatsun gida bakwai yadda na iya, ina yi wa mamatan addu'a. Kabewa ta yi 'ya'ya manya a shekarar. Matata ta ce ba za su shiga tukunyarta ba, ni ma ban matsa ba. Can suka ruɓe a gangaren, awaki na wucewa ta gefensu.