Ranar Da Na Ƙi Ɗora Mata

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Yake ba da tunani kuma Ya karɓe shi idan Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, shekara arba'in ina sauraren tilawar ɗalibai a zaurena da ke Limanti. Al'adarmu ita ce, idan mai karatu ya kakare, ba a barinsa cikin kunya, sai a ɗora masa kalmar ya ci gaba. Wannan ya zame mini jiki, har ba na sanin lokacin da bakina yake yi.

Cutar uwar 'ya'yana ta fara da rawar hannu, ta koma tuntuɓe, sannan ta taɓa tunani. Irinta ce ta ɗauki mahaifinta, wanda ya yi fataucin busasshen kifi a kasuwar Baga Road. A asibiti aka gaya mana ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba a cika samunsa ba, kuma ba a san maganinsa ba tukuna. Wata likita ta ce suna bincike a kansa, amma ta fito fili:

"Mama, wannan ba zai warkar da ke ba. Yadda ciwon ke tafiya muke son sani, ko na baya za su amfana."

A lokacin hankalinta yana nan. Ta ce, "Malam, ina da jikoki tara. A rubuta ni."

Kowane wata muna hawan keke napep mu tafi. A ɗebi jini, a sa ta taka ƙasa, sannan likitar ta faɗi kalmomi uku, bayan ɗan lokaci ta nemi a maimaita mata su. Ni ina zaune a gefe. In aka ce agogo, sai in taɓa tsintsiyar hannuna. In aka ce tabarma, sai in dubi ƙasa. Wani lokaci leɓuna kawai nake motsawa. Ta amsa daidai, mu fito tana murmushi, har ta tsokane ni: "Ka ga ɗalibarka ba ta faɗi ba."

A wata na biyar likitar ta tsayar da ni a baranda.

"Baba, na gan ka. Takardarta tana cewa lafiyarta ƙalau, alhali ka ce jiya ta zuba gishiri a shayi."

Na ce, "'Yata, ba a barin mai karatu ya kakare."

Ta ce, "A nan kakarewar ce muke rubutawa. Mantuwarta ita ce abin da ta zo bayarwa. In ka rufe ta, duk zuwan da ta yi ya tashi a banza."

Na daɗe ina koyar da hukuncin shaidar zur, ban taɓa zaton zan yi ta da tausayi ba. Likitar ta ce in ina so, in jira a waje. Na ce zan zauna, domin ba ta sakin jiki in ba ta gan ni ba.

Da watan ya zagayo, aka faɗi kalmomin: kifi, fitila, ƙofa. Na tusa hannuwana cikin riga. Da aka nemi ta maimaita, ta yi shiru. Kifin ma, da ta tashi cikin ƙamshinsa, bai zo mata ba. Ta juyo ta dube ni, ta jira. Sannan ta ce da Barbarci, a hankali, "Malam, ɗora mini mana."

Na sunkuyar da kai. Ina jin alƙalamin likitar yana tafiya a kan takarda.

A cikin keke ta juya mini ƙeya. Kafin mu isa gida ta manta dalilin fushin, amma fushin bai tafi ba sai bayan la'asar. Haka muka yi sau bakwai, ina shiru tana dubana, har ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ta rasu da damina. Na cika wa matar da ta ce a rubuta ta alkawari, amma wadda ta roƙe ni kalma ɗaya ba ta taɓa sanin dalilin hana ta ba.

Allah Ya karɓi abin da ta bayar, Ya gafarta mini. Kai mai karatu, Allah Ya tsare hankalinka da na iyalanka, Ya sa albarka a gidanka. Amin.