Motar da Ta Kai Amarya Tsibiri

Da yayana ya rasu, abin da ya faɗo rabona a gado 'yar ƙaramar motarsa ce, mai ƙofa biyu, wadda ta girmi duk 'ya'yansa. Ni malamar makaranta ce, da ita nake zuwa aiki, kuma duk Sabon Gari an san ƙuginta tun kafin ta ɓullo kwana. Gilashinta da hannu ake murɗawa. In ta yi fushi sai an tura.

Shekarar da aka aurar da autarsa, dangin ango Alhazai ne na Tsibiri, masu fatauci har ƙetaren iyaka. Ranar kai amarya suka aiko wata baƙar mota, doguwa, tana sheƙi. Na leƙa ciki, gaskiya ba laifi: kujera kamar katifa, sanyi na busowa, ga ƙamshi. Ba a ma jin inji na aiki. Tawa kuwa tana gefe ƙarƙashin bishiyar bedi, sai ka ce akuya kusa da raƙumi.

Ana shirin fitowa yarinyar ta kama mini zane ta cikin lulluɓi.

"Gwaggo, ni cikin motar Baba nika son tahiya."

Mayar da motar surukai ranar farko ba ƙaramin abu ba ne, yarinyar ce za ta zauna da su, ba ni ba. Amma yarinyar nan ba ta roƙi komai ba tun da aka fara bikin.

Na sami babbar yayar ango, na durƙusa duk da na girme ta.

"Hajiya, alfarma nika nema. Ubanta bai ga wagga rana ba. A bari motarshi ta kai ta."

Ta dubi motar, ta dube ni. "Malama, anya tana kaiwa?"

"Ta kai uwatta asibiti ranar haihuwatta. Tsibiri mi a nisa nai?"

Sai ta tattare mayafinta ta ce a ɗage mata kujerar gaba, ita ma nan za ta shiga.

Na murɗa makulli ina karanta duk addu'ar da na sani. Bugu ɗaya ta tashi, 'yar halak. Ba a wuce motar amarya, don haka baƙar nan da sauran manyan motoci suka jeru a bayanmu suna rarrafe. Gilashinmu a buɗe, guɗar Hajiya na fita har gonakin gero, masu amalanke na ɗaga mana hannu. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

A ƙofar gidan ango mata suka taso tarya. Amarya ba ta motsa ba, goshinta na jingine da bayan kujerar direba. Hajiya ta ɗaga musu hannu.

"Ku dakata. Tana sallama da babanta."