Ƙusoshi Casa'in da Shida a Ɗakin Ƙanƙara

Mun tashi da asuba daga Al Asmakh, ana sallame salla, mu uku a a-kori-kurar gareji: ni da kawuna da direba. Kawu makaniki ne, shekararsa goma sha ɗaya a Doha yana gyaran baburan yawon sahara. Ni ɗalibi ne, ina shekara ta biyu a karatun injiniya a nan Doha, ban taɓa riƙe sufana don neman abinci ba. Direban ɗan Zangon Kumasi ne, tun ranar da ya gan ni da littafi ya laƙaba mini Furofesa.

Masu bibiyata sun san ba ni da yawan fita, don haka bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Kafil ɗin Kawu, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, yana da gona a yamma, can bayan Al Rayyan. A cikinta ya gina wa 'ya'yansa wani babban ɗaki mai sanyi da aka shimfiɗe da ƙanƙara, ya sayo musu babur ɗin ƙanƙara. Ba shi da taya. Gabansa sanduna biyu ne masu sulɓi, bayansa kuma faffaɗan bel na roba mai haƙora. Babur ɗin ya ƙi tafiya, sai santsi yake a wuri ɗaya. Maganinsa a huda bel ɗin a ɗaura masa ƙusoshi masu tsini. Takardar zaman Kawu za ta ƙare a ƙarshen wata, mudir kuma, wato manajan gonar, ya faɗa masa ƙarara cewa wannan aikin ne zai sa a sabunta ta ko a bar ta ta mutu.

Ni na zaɓi ƙusoshin. Mako biyu kafin tafiyar, Kawu ya kawo mini littafin injin, na Turanci, ya ce, "Ɗana, duba mana girman da za a saya. Na ƙanƙara ne." A littafin jeri biyu ne. Ɗaya na bel mai dogayen haƙora, na tafiya a kan farar nan mai laushi da ke zuba daga sama. Ɗayan na bel mai gajerun haƙora, na daskararren ruwa mai tauri. Turawa kowace da sunanta. Mu kuwa duk ƙanƙara muke cewa: wadda ake jefawa a zoɓo, da wadda ke faɗowa da ruwan damina ta yayyaga ganyen masara, da ta cikin hotuna. Ni ta hotunan ce ta zo mini a rai. Na ja layi a ƙarƙashin dogayen ƙusoshi, na rubuta lambarsu da kyakkyawan rubutu, ban tambayi kowa komai ba.

A Al Rayyan muka tsaya shan shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, kofi ɗaya riyal ɗaya, tare da waina mai ƙwai irin ta 'yan Indiya. Ƙarfe shida bai yi ba amma gumi ya riga ya manna mini riga a baya. A kan cinyata ga rigunan sanyi uku da muka saya jiya a Asian Town. Mai shagon sai da ya tambaye mu sau biyu ko gida za mu aika da su. Mai shayin ma ya leƙo ta taga, ya dubi rigunan, ya dube mu, ya miƙo canji.

Daga nan titi ya miƙe santal, ba rami ba kwana. Gine-gine suka yi ta raguwa har ya zama daga shingen waya sai turakun lantarki sai raƙuma jefi-jefi. Ƙasar fara fat, ba rairayi mai kyau ba, tsakuwa ce da ƙura. Direba yana ta zolayata da Hausarsu ta Zango, wai, "Furofesa, yau za ka ga kankara da idonka, ba na firij ba." Kawu bai yi dariya ba. Jakar ƙusoshin tana tsakanin ƙafafunsa, lokaci-lokaci yana taɓa ta da hannu.

Ɗakin ya fi filin ƙwallo na unguwa girma. Muna shiga sanyi ya soke ni a haƙora. Na dubi ƙasa. Babu farar nan mai laushi. Daskararren ruwa ne, mai tauri kamar daɓen siminti, har fitilun rufi ake gani a cikinsa.

Aka ɗage bayan babur ɗin a kan katako. Na durƙusa na auna haƙoran bel ɗin, gajeru ne. Na auna ƙusa ɗaya. Littafin ya ce tsininta kada ya zarce haƙori da fiye da kusan santimita ɗaya. Tamu ta kusa ninka haka. A saman bel ɗin kuma, daf da shi, lagireton injin yake kwance. Na sake aunawa, na sake, har sau uku.

Daidai lokacin mudir ya shigo. Kawu ya dafa kafaɗata, ya ce masa da gurɓataccen Larabcinsa wannan ɗan ƙanwarsa ne, injiniya ne a jami'a, shi ya yi lissafin komai. Ban taɓa jin Kawu ya yi alfahari da ni ba sai ran nan. Na buɗe baki na ce, "Kawu, kamar sun ɗan yi..." Mudir ya tafa hannu ya ce, "Yalla, yalla," wato a yi sauri, yara za su zo bayan la'asar. Kawu ya juyo ya ce, "Me ka ce, ɗana?" Na ce, "Ba komai." Na gaya wa kaina wataƙila akwai sararin da ban gani ba.

Aikin kansa mai kyau ne, kuma zan faɗi haka ko da me ya biyo baya. Ni nake ɗiga alama da farin fenti, Kawu yana hudawa. A tura ƙusa daga ciki, a sa mata faranti daga waje, a ɗaure da noti, a juya bel a kama layi na gaba. Casa'in da shida. Yatsunmu suka sandare, muna fita rana muna gasa su muna dawowa. Da azahar aka kawo mana shinkafa da kaza a faranti ɗaya. Direba ya cinye kasona, don loma biyu kawai na iya haɗiyewa.

Kawu da kansa ya hau. Babur ɗin ya kama ƙasa ya tafi, direba ya yi ihu, mudir ma ya murmusa. A zagaye na biyu Kawu ya ƙara wuta. Sai muka ji ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan dutse, sannan wani koren ruwa ya fara bin bayansa, layi guda a kan farar ƙanƙarar, yana tururi. Ƙusoshin sun tsarge lagireton.

Mudir bai yi faɗa ba. Ya dubi koren layin, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ya ce Kawu ya ajiye makullin gareji wurin maigadi, ya zo ofis ran Lahadi da fasfo. Duk wanda ya zauna a nan ya san ma'anar wannan: an sallame shi, sai komawa gida. Kawu bai nuna ni da yatsa ba. Ya ce laifinsa ne, shi ya ɗaura.

A hanyar dawowa direba ya kashe rediyo. Raƙuman suna nan inda muka bar su. Sai da muka wuce Al Rayyan Kawu ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Da ka durƙusa kana aune-aune, ka gani?"

Na ce, "Na gani, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Da ka faɗa, kunyar minti biyar za mu sha, ni da kai."

Mun iso Al Asmakh ana kiran magariba. Ya sauke ni a bakin lungu, ya miƙo mini rigunan sanyin duka uku, ya ce in riƙe, gida Kaduna ba a buƙatar irinsu.

Na koyi cewa kalma ɗaya tana iya ɗauke da abu biyu, kuma wanda bai taɓa taka ko ɗaya ba ya kamata ya tambaya. Wannan kuskuren littafi ne, kowa na iya yin sa. Ɗayan nawa ne ni kaɗai: na auna daidai har sau uku, na san amsar, na haɗiye ta don kada a cire hannu daga kafaɗata. A aljihun rigar sanyina na tarar da ƙusa ɗaya da ta rage. Tana kan teburina yanzu, kusa da littafin. Jirgin Kawu ranar Alhamis ne.